Zaɓen Yara 'Yan Tamaula: Gwaninta A Ke Gani Ko Girman Jiki?

Manyan ƙungiyoyin tamaula na Ingila kowace tana da makarantarta ta horad da yara, tana kuma da mutanen da ba su da wani aiki sai bin filayen wasa suna neman yaron da ya yi fice. Tun yaro yana ɗan shekara 9 a kan rubuta shi. To, da masana suka duba ranakun haihuwar yaran da aka ɗiba, sai suka tarar waɗanda aka haifa daga Satumba zuwa Nuwamba sun rinjayi 'yan Yuni zuwa Agusta nesa ba kusa ba.

Dalili kuwa a fili ya ke. A Ingila shekarar makaranta da ta wasan yara duk daga 1 ga Satumba su ke somawa. Watau yaron da aka haifa a Satumba da wanda aka haifa a Agustan da ke biye sahu ɗaya su ke, alhali kuwa na farin ya girme shi da wata 11. Duk malamin da ya taɓa riƙe ƙaramin aji ya san abin da wata 11 ke yi ga jikin yaro. Mai zaɓe ya zo ya tsaya bakin fili rabin sa'a, ya ga wanda ya fi gudu da ƙarfin kafaɗa, ya ce ga gwani. A ɗauke shi, ya sami ƙwararren mai koyarwa da abokan wasa nagari, bayan shekara uku ya zama gwanin na gaske, mai zaɓe kuma ya ce ai da ma ya faɗa. Shi kuwa ƙaramin an sallame shi, ba wanda zai san abin da zai zama.

Shaida ta ƙara fitowa a 1997, sa'ad da aka mai da ranar yanke shekarun yara a Beljiyam daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Janairu. Ba a daɗe ba sai rinjaye ya koma ga 'yan farkon shekara.

Ban da ranar haihuwa akwai jinkirin girma. Ƙungiyoyin Faransa sun ƙi Antoine Griezmann don ƙanƙantarsa, sai Real Sociedad ta Sifen ta ɗauke shi a 2005. A 2018 yana cikin waɗanda suka ciwo wa Faransa kofin duniya. Don gudun irin wannan hasara Beljiyam ta keɓe ƙungiya dabam ta yaran da girmansu ya yi jinkiri. A ganina malamin wasanni ma ya kamata ya ajiye rajistar aji kusa da shi ran da zai zaɓi 'yan wasan makaranta.

A nan gida abin ya fi nauyi, gama yara da yawa ba su da takardar haihuwa, wanda ya rage shekarunsa kuwa ƙarami ya ke ture wa. Nijeriya ta ci kofin duniya na yara sau biyar, a 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015. Tun 2009 hukumar FIFA ta shiga ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don gane wanda ya wuce shekara 17. A 2016 gwajin nan ya zubad da yara 26 daga sansanin Nijeriya ana gab da karawa da Nijar, Nijar kuwa ta fid da sauran daga gasar.