Gudun harsashin bindigar iska da gaskiyar saiti

Duk wanda ya taɓa duba tallar bindigar iska, musamman irin waɗanda ake yi wa kasuwar Amurka, ya ga lambar nan da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali: ƙafa 1,200 a sakan guda, wato kusan mita 366. Da ita ake cika baki, a kanta ake gardama, har mai 1,200 ya riƙa kallon mai 800 kamar ya yi asarar kuɗinsa. A tunaninsu, harsashin da ya fi gudu shi ya fi samun abin da aka saita. Ba haka abin yake ba. Wanda ya kafa allon harbi a mita 10, ya sake kafa shi a mita 50, zai ga zahiri da idonsa.

Sirrin yana cikin ƙirar harsashin. Ɗan mitsitsin dalma ne mai siffar kalangu: kai a gaba, ƙugu a tsuke, gindi a buɗe da rami a ciki. Nauyin yana wajen kai, gindin kuwa aikinsa kama iska. Jan da iska ke yi masa ta baya, haɗe da juyin da zanen cikin bututun bindiga ke ba shi, su ke sa kan ya tsaya a gaba har ya isa. Sai dai wannan jan shi ne kuma ke cinye masa gudu tun daga bakin bindiga.

Sauti yana tafiyar mita 343 a sakan idan zafin gari digiri 20 ne. Harsashin da ya fito da gudun 366 ya zarce sauti, amma kafin ya yi nisa ya sake faɗowa ƙasa da shi, kuma a daidai wannan gaɓa iskar da ke kewaye da shi take hargitsewa. Kan ya fara kaɗawa, harsashin ya shiga tangaɗi. A mita 10 ba lallai a lura ba, domin bai samu lokacin kaucewa ba. A mita 40 sai ka ga ramuka sun watse a allo, ɗaya a gabas ɗaya a yamma. Abin da mai talla ba ya faɗa da ƙarfi shi ne, galibi da harsashi maras nauyi wanda ba na dalma ba ake samo wannan babbar lamba. Gogaggun maharba sukan tsaya tsakanin mita 240 da 280 a sakan, idan bindiga ta yi ƙarfi da yawa ma harsashi mai nauyi suke sa mata don ya rage gudu.

Gasar Olamfik ta isa hujja. Tun 1984 a Los Angeles ake fafatawa a harbin bindigar iska daga mita 10, kuma a wannan fanni ne Abhinav Bindra ya ci wa Indiya zinare a Beijin a 2008. Ɗigon tsakiyar allon faɗinsa rabin milimita ne kacal. Bindigogin da ake nemansa da su gudun harsashinsu bai fi mita 175 a sakan ba, ƙasa da rabin abin da kwalin can ke taƙama da shi. Harsashinsu mai faffaɗan kai ne, milimita 4.5, an yi shi haka ne don ya huda takarda tsaf ba tare da ya yage ta ba. A wannan tazara babu kamarsa. Amma kai shi mita 40 ka ga yadda zai ba da kunya, domin faffaɗan kan nan tare iska yake yi, ga shi ɗan kaɗawar iska ta ishe shi kaucewa. Can nesa mai kai mulmulalle ne sarki.

Turawan Ingila sun gane haka a gasarsu ta fili da suka soma a farkon shekarun 1980, inda ake jera gumakan dabbobi na ƙarfe daga kusan mita 9 zuwa 50, kowanne da rami mai faɗin milimita 15 zuwa 40 da za a zura harsashi ta ciki gunkin ya faɗi. Dokarsu ta taƙaita ƙarfin bindigar da za a riƙe ba lasisi a kusan jul 16, saboda haka harsashi mai nauyin rabin giram da ɗoriya yana fita da gudun kusan mita 240. A yi lissafi. Kafin ya kai mita 10 ƙasa ta jawo shi da abin da bai kai santimita 1 ba. Kafin ya kai mita 50 ya shafe kusan rubu'in sakan a sama, ya sauka da kusan santimita 28. Nisa ya ninka sau 5, faɗuwa ta ninka kusan sau 30. Shi ya sa za ka ga maharbi zaune a ƙasa yana murza wata babbar taya a gefen madubin hangen nesansa har gunkin ya fito tar, sannan ya karanta nisan a jikin tayar. Kuskuren mita 3 a can ƙarshe ya isa ya sa a ji ƙarar dalma a jikin ƙarfe, gunki na tsaye ƙiƙam.

Wani abin da ke ba sabon shiga mamaki shi ne kowace bindiga da harsashin da take so. Kamfanin JSB na ƙasar Cek da H&N na Jamus suna rubuta faɗin kan harsashi a jikin gwangwani: 4.50, 4.51, 4.52. Bambancin da ido ba ya gani ke nan, amma bututun bindiga yana jin sa. Bindigogi biyu ƙirar kamfani ɗaya, wannan ta haɗa ramuka wuri guda da 4.52, waccan ta watsa su. Masu gasa har awo suke yi wa harsashi ɗaya bayan ɗaya a ƙaramin sikeli, duk wanda gindinsa ya lotsa a jefar.

Gwajin gaskiya ba shi da wuya, haƙuri yake so. A ɗora bindiga a kan abu mai laushi ranar da iska ta kwanta, a yi harbi 10 da iri ɗaya ba tare da taɓa saiti ba, a auna tazarar ramuka biyu mafi nisa da juna. A gwada a mita 25, a maimaita a 50. Harbi 3 ba gwaji ba ne, sa'a ce. Idan bindigar mai sifirin ce, kada a damƙe ta da ƙarfi, domin tana zabura tun harsashi bai bar bututu ba, kuma sauya riƙo kaɗai yana sauya inda zai faɗa.

Sakacin da ya fi damuna shi ne ɗaukar bindigar iska abin wasan yara. Dokar makamai ta Najeriya ta sa bindigar iska cikin waɗanda sai da lasisi, ko da yake ba kasafai ake jin hukuma na tunatar da jama'a ba. Harsashin da ya gaza samun allo a mita 50 har yanzu yana da ƙarfin fasa ido. Akwai kuma masu cusa 'yan harsasai a baki don saurin ɗuri. Dalma ce zalla, irin wadda gubarta ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010. Gwangwanin yana da murfi, akwai aljihu, kuma bayan harbi a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci.