FASHIN BAƘI: Abin da ya durƙusar da shafin HealthCare.gov tun ranar farko

A ranar 1 ga Oktoba, 2013, gwamnatin Barack Obama ta buɗe HealthCare.gov, shafin intanet da Amurkawa za su riƙa sayen inshorar lafiya a cikinsa. Jama'a suka yi dafifi, shafin ya cije. Takardun da wani kwamitin Majalisar Wakilai ya fitar daga baya sun nuna mutum shida kacal suka kammala rajista a ranar.

Ba kuɗi aka rasa ba. Ofishin binciken kuɗin gwamnati, GAO, ya ce zuwa Maris 2014 an ware wa aikin dala miliyan 840. Ɓarakar daga tsarin tafiyar da aikin ta fito.

An rarraba kwangilar ga kamfanoni da dama, ciki har da CGI Federal, amma babu wanda aka ɗora wa alhakin haɗa sassan wuri guda. Hukumar CMS, mai aikin, ita ta riƙe wannan nauyi alhali ba ta da ƙwarewarsa. Ta yi ta sauya buƙatunta ana tsaka da gini, kuma ba a gwada shafin gaba ɗayansa ba sai ana saura kimanin mako biyu a buɗe shi.

Gyara ya kankama ne bayan an damƙa wa Jeffrey Zients jagoranci, aka naɗa kamfanin QSSI babban ɗan kwangila, aka jera kurakurai gwargwadon haɗarinsu. Zuwa farkon Disamba, shafin ya fara yi wa akasarin jama'a aiki.

Duk mai ba da kwangilar gina shafi, kafin ya sa hannu, ya san wa zai tuhuma idan sassan suka ƙi haɗuwa, da kuma ranar da za a fara gwaji.