RUWAN DA KE ƁOYE CIKIN ISKAR BINDIGA

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai faci da sassafe, mai yiwuwa ya ga yadda yakan kwance wani ɗan noti a gindin tukunyar injinsa, sai wani jan ruwa mai tsatsa ya tsiyayo ƙasa. Ba wanda ya zuba ruwan nan a ciki, daga iskar da injin ya shaƙa ya fito. To, tayar ƙaramar mota ba ta wuce awo biyu zuwa uku a ma'aunin matsi da ake kira bar, tukunyar mai faci kuwa ba ta cika haura goma ba. Sai mai karatu ya kwatanta wannan da bindigar iska ta zamani, wadda ake ɗura wa iska har awo 200 zuwa 300.

Irin wannan bindiga ba sabuwar aba ba ce. Tun wajen 1780 sojojin Ostiriya suka riƙe wadda Girardoni ya ƙera, ana cika ta da famfon hannu, bugu kimanin 1,500. Tun 1984 kuma harbi da bindigar iska daga nisan mita 10 ya shiga wasannin Olamfik. A Nijeriya tana cikin makaman da Dokar Makamai ta 1959 ta ce sai da lasin ake mallaka. Abin da ya sake a 'yan shekarun nan shi ne, ƙananan injunan matsa iska masu araha, galibi ƙirar ƙasar Sin, sun cika kasuwa. Da can mai bindiga yakan kai tukunyarsa wurin masu cika ta 'yan ninƙaya a ƙarƙashin teku, su ba shi busasshiyar iska. Yanzu kuwa a gida yake cikawa, aikin busarwar ya koma wuyansa, ko ya sani ko bai sani ba.

Ga yadda lissafin yake. Idan zafin gari ya kai digiri 30, lita 1,000 na iska na iya ɗaukar tururin ruwa har giram 30. A Ikko ko Fatakwal da damina, abin da iskar ke ɗauke da shi ba ya nisa da haka, a ce giram 24. Tukunyar ajiya mai cin lita 6.8, wadda masu bindiga suka fi saye, tana haɗiye kusan lita 1,900 na iska kafin ta kai awo 300. Watau ruwa kamar cokali uku na cin abinci ke nan yake ratsa injin a cikawa ɗaya tak. Dalili kuwa shi ne, yawan tururin da iska ke riƙewa ya danganta ne ga zafi da kuma girman wurin da take ciki. In aka ƙuntata wurin sau ɗari uku, sai tururin ya rasa mazauni, ya koma ruwa.

A nan ne mutane da yawa suke ruɗin kansu. Wani zai ce shi a Kano yake, da hunturu iska ta bushe ƙayau har leɓe na tsagewa, ina ruwansa da danshi? Wani kuma ya ɗaura kwalbar ƙwayoyin silika a bakin da injin ke shaƙar iska, ya ce ya gama. Dukansu biyu sun yi kuskure iri ɗaya. Ko da an rage danshin ya koma kashi 10 cikin 100, akwai sauran giram 3 a lita 1,000, alhali abin da iskar za ta iya riƙewa bayan an matse ta bai fi giram ɗaya bisa goma ba sai da kaɗan. Ragowar duk ruwa za ta zama. Busarwa kafin matsewa tana rage wa injin wahala, amma ainihin aikin bayan matsewa ake yinsa.

Matakin farko shi ne sanyi. Iska mai zafin digiri 60 tana ɗaukar tururi fiye da ninki huɗu na mai digiri 30, saboda haka in injin ya yi zafi, tururin yakan wuce matarar ruwan da ke jikinsa salin alin, sai ya isa cikin tukunya ya huce sa'an nan ya zama raɓa. Injin da ake sanyaya shi da ruwan bokiti, a sa masa ƙanƙara, a kuma bar shi ya huta. Sai bawul ɗin tsiyayarwa, wanda ya kamata a riƙa buɗewa kowane minti goma zuwa goma sha biyar, a kuma buɗe shi in an gama. Wannan aikin banza ne a ido, amma shi ke fitar da mafi yawan ruwan.

Ɗan curin audugar da ke zuwa da injunan nan masu araha, a ganina an ba shi girman da bai kai ba. Yana tare ɗigon ruwa da na mai, amma tururi ratsa shi yake yi. Abin da ke kama tururi shi ne ƙwayoyin ziyolait, musamman nau'in da ake kira 13X, a cikin dogon bututu mai jure matsi, a tsaye, tsakanin injin da tukunya. Akan ƙara gawayin da aka sarrafa domin ya kama ƙaurin mai. Ƙwayoyin sun fi aiki in iska ta daɗe a cikinsu da ƙarfi, shi ya sa manyan injuna suke da wani bawul da ke hana ta fita sai matsi ya kai wajen awo 140. In ƙwayoyin sun ƙoshi sai a sake su, domin shanya a rana ba ta farfaɗo da su, sai wutar da ta haura digiri 200. Sababbin kuma a ajiye su a rufe ruf, in ba haka ba su sha danshin ɗaki tun ba a fara aiki da su ba.

Ƙa'idar Turai mai lamba EN 12021, wadda aka tsara domin iskar shaƙa, ta ce iskar da ke fita daga injin cika tukunya kada ruwanta ya wuce miligiram 25 a lita 1,000. Mai bindiga ba shaƙa zai yi ba, amma ƙarfen bindigarsa na bukatar irin wannan bushewa. Ruwan da ya kwanta a ciki yakan ci ƙarfe ko alminiyam ta inda ido ba ya gani, ya lalata bawul da robobin toshiya, har bindiga ta fara yoyo ko ƙarfin harbinta ya riƙa hawa da sauka. Wannan asarar kuɗi ce kurum. Wadda ta fi ta muni ita ce bangon tukunya ya sirance alhali tana ɗauke da awo 300, kusa da fuskar mai harbi. Don haka ne ake kai tukwanen ajiya gwajin matsi da ruwa, galibi duk bayan shekara biyar, a kuma leƙa cikinsu da fitila. Wadda aka samu da ramukan tsatsa masu zurfi, huda ta ake yi don kada wani ya sake cika ta.