Na'ura: kalmar da ta taso daga bakin kogi

A garaken albasa na Galmi da fadamar Jiratawa kusa da Maradi, da zarar noman rani ya kankama, ƙarar injin ban ruwa ce ke tada mutane da asuba. Ba manomin da zai ce ya tada na'ura. Inji yake cewa. Amma idan ya kunna rediyo da dare, sai ya ji mai labarai na ambaton na'urar auna jini, na'urar ɗaukar hoto da na'ura mai ƙwaƙwalwa. Abin mamakin shi ne, a asalinta kalmar na'ura abin ban ruwa take nufi.

Daga Larabci Hausa ta aro ta. A wajen Larabawa, na'ura wani ƙaton gargare ne na katako da ake kafawa a bakin kogi. Ƙarfin ruwa ke juya shi, akwatunan da ke gefensa su ɗebo ruwa su juye a magudana ta sama, ya gangara gonaki da gidaje. Sunan ya fito ne daga kalmar da ke nufin gurnani, saboda kukan da katakon ke yi idan yana juyawa. A birnin Hama na ƙasar Siriya, a bakin kogin Asi, akwai irinsu 17 da suka rage. Mafi girma, wadda ake kira Muhammadiyya, an gina ta a 1361, tsayinta kusan mita 21. Mutanen Sifen ma sun ari kalmar tun zamanin Andalus, suna cewa noria.

Manomin Hausa kuwa da jigo ya saba ɗibar ruwa. Saboda haka da kalmar ta shigo, sai ta saki ruwa ta riƙe siffa: duk abin da aka harhaɗa daga sassa daban-daban, kowane sashe da aikinsa, suka haɗu suka yi aiki guda. A yau Balarabe ba ya kiran kwamfuta na'ura, Bahaushe ne ya faɗaɗa mata ma'ana har haka.

Sai dai tana da kishiyoyi a bakin jama'a. Inji daga Ingilishi ya zo, tushensa kuma wata kalmar Latin ce mai nufin basira, wadda ita ce ta haifi injiniya. Shi ake ba abin da ke shan mai yana ruri, kamar injin niƙa da injin wuta. Keke daga Yarbanci yake, shi ne abin da hannu ko ƙafa ke juyawa: keken hawa, keken ɗinki, keken guragu. Mashin kuma, da Faransanci da Ingilishi duka suka gada daga Girkanci, a Kano babur yake nufi, abin da mutumin Damagaram ke kira moto.

Wannan ba zancen malaman harshe kaɗai ba ne. Kundin sake fasalin ƙasa da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Duk mai fassara takardar hukuma, littafin makaranta ko sanarwar likita, dole ya zaɓi kalmar da mai sauraro zai gane nan take. Idan aka ce wa majinyaci za a sa shi a inji, yana iya firgita. Idan aka ce wa manomi ya zuba wa na'ura mai, zai tsaya tambayar wacce.

Yanzu da famfunan ban ruwa masu aiki da hasken rana ke shiga garake, ga wani sabon abu da ba ya shan mai, ba ya ruri, ba kuma ƙafa ke juya shi ba. Idan aka kira shi na'urar ban ruwa, kalmar ta koma ke nan bakin aikinta na farko.