Mdou Moctar: kiɗan da aka naɗa a Sakkwato, Turawa suka yaba, mu ba mu waiwaya ba

A nan Kubwa muna zaune da 'yan'uwanmu Buzaye, wasu na gadi, wasu na sana'a a kasuwar Dei-Dei, amma da wuya ka sami matashinmu da ya san Mdou Moctar. Alhali kuwa a Amurka da Ingila masu sharhin waƙa sun daɗe suna ɗaga shi sama. Bari in ɗan yi bayanin yadda abin ya faro, don labarin ya shafe mu.

Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, Buzu ne daga jihar Tawa a Nijar, kuma bahago ne. Jitarsa ta farko da hannunsa ya ƙera ta, da wayar birkin keke. A 2008 ya shigo Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, da irin na'urar lanƙwasa murya da ake yi wa waƙoƙin finafinanmu. Waƙoƙin ba su shiga kasuwa ba, ta waya suka yaɗu, wannan ya tura wa wancan. A haka wani Ba'amurke, Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds, ya tsinci ɗaya ya saka ta cikin kundin Music from Saharan Cellphones. Ka ji ƙofar da ta buɗe masa duniya.

Daga baya ya haɗa ƙungiya ta mutum huɗu: shi, Ahmoudou Madassane, maganɗi Souleymane Ibrahim, da Ba'amurke Mikey Coltun. Ya fitar da Ilana a 2019, sannan suka fitar da Afrique Victime a 2021 ƙarƙashin kamfanin Matador, sai Funeral for Justice a 2024. Mujallar Pitchfork da jaridar The Guardian duk sun lissafa Afrique Victime cikin fitattun kundayen 2021.

Kalmar da masu sharhi suka fi liƙa masa ita ce "saikedelik". Salo ne da ya yi tashe a Amurka da Ingila a shekarun 1960, inda ake ja wa jita sauti, a maimaita kiɗa ɗaya har mai sauraro ya ji kamar yana mafarki ido biyu. Shi ya sa suke kiransa Jimi Hendrix na Sahara.

To a nan nake da ja. Yabo ne, ban musa ba, amma awo ne da mudun wasu. Maimaita kiɗa har jiki ya ɗauka ba a Landan aka fara shi ba; duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu goge ko garaya ya san wannan. Mdou kuma ya taso ne yana sauraron Abdallah Oumbadougou, uban kiɗan jitar Buzayen Nijar, kuma a wajen bukukuwan aure ya goge.

Abu na biyu, yawancin waƙoƙinsa da Buzanci yake yi, masu sharhin kuwa ba sa jin yaren sai ta fassara. Sai zancen ya karkata kan saurin yatsunsa, alhali mutumin kuka yake yi: mulkin mallakar Faransa, yuraniyom da ake kwasa ana barin talakan Nijar cikin duhu, da harshensu da ke neman ɓacewa a bakin yara. Wannan na ƙarshe ai ciwonmu ne mu mazauna Legas, Ibadan da Fatakwal, da 'ya'yanmu ke amsa Hausa da Turancin buroka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sautin Sakkwaton nan. Salon da muke rainawa muna ce masa nanaye, shi ne ya fara jan kunnen baƙi. Don haka, ku matasa masu ƙananan situdiyo a Byazhin da Arab Road, kafin ku goge kalangu da muryar gida don ku yi kama da mawaƙan Legas, ku tuna da wannan. Ku kuma masu rubutu da Hausa, ku fara sharhin waƙoƙinmu da gaske: a faɗi inda kiɗa ya yi daɗi, a faɗi inda baiti ya karye. In ba mu yi ba, wasu ne za su ci gaba da raɗa wa kayanmu suna.