Tara Tsofaffin Kwamfutoci da Makomar Rubuce-rubucen Hausa na Kan Faifai

Akwai wata al'ada da ta kafu a ƙasashen Turai da Amurka wadda, in aka ba Bahaushe labarinta, zai ɗauka rashin aikin yi ne ya kawo ta. Al'adar kuwa ita ce tara tsofaffin kwamfutoci, watau waɗanda aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa ƙarshen shekarun 1990, a gyara su, a riƙa aiki da su don sha'awa kawai. Abin da nake nufin yi a wannan maƙala shi ne in ɗan bayyana yadda al'adar take, sa'an nan in nuna dalilin da ya sa nake ganin ta shafi manazarta Hausa fiye da yadda za su zata, domin wani yanki na rubutun Hausa yana kulle cikin faya-fayan da ba mai buɗe su sai waɗannan na'urori da muke zubarwa.

Asalin Al'adar

Kwamfutar da mutum ɗaya zai mallaka ya ajiye a ɗakinsa ba ta daɗe ba. An fara da Altair 8800 a 1975, wadda mai saye ne yake harhaɗa ta da kansa. A 1977 aka fito da Apple II da Commodore PET da TRS-80, a 1981 kamfanin IBM ya fito da tasa, wadda ta zama uwar mafi yawan kwamfutocin ofis na yau. Commodore 64 da ZX Spectrum sun biyo baya a 1982, Macintosh kuma a 1984. Yaran da suka tashi da waɗannan na'urori su ne, bayan sun girma, suka koma neman su a kasuwar gwanjo. A 1997 aka fara wani taron shekara-shekara a Kalifoniya mai suna Vintage Computer Festival, inda masu tarawa ke baje kolinsu. Akwai kuma gidajen tarihi na musamman, kamar na Mountain View a Amurka da na Bletchley Park a Ingila. Har abin ya kai ga kuɗi mai yawa: a 2014 an yi gwanjon Apple-1 guda ɗaya a kan dala 905,000.

Wannan ɓangare na ciniki bai dame mu ba a nan. Abin lura shi ne masu sha'awar ba su tsaya ga goge ƙura ba. Sun koyi gyaran abin da kamfanoni suka daina gyarawa, sun adana littattafan bayani da manhajoji, sun kuma ƙera ƙananan na'urori, irin su KryoFlux da Greaseweazle, masu karanta tsohon faifai su juye abin da ke ciki zuwa kwamfutar zamani. Waɗansunsu kuma sun rubuta manhajojin kwaikwayo, kamar DOSBox, waɗanda ke sa sabuwar kwamfuta ta yi aiki tamkar tsohuwa. Yau ɗakunan adana tarihi na manyan jami'o'i suna amfani da kayan da 'yan sha'awa suka ƙago.

Wani abu da ya faru a Ingila ya isa misali. A 1086 aka rubuta littafin ƙidayar ƙasa da ake kira Domesday a kan fata, yana nan har yanzu, duk wanda ya iya Latin na lokacin zai karanta shi. A 1986, don cikarsa shekara 900, BBC ta shirya sabo, ta sa 'yan makaranta suka tattara bayanin garuruwansu, aka zuba shi a faifan lesa na musamman. Kafin shekara ashirin na'urorin da ke karanta shi sun kusa ƙarewa, sai da masana daga jami'o'in Lidis da Mishigan suka yi aikin kwaikwayon tsohuwar na'urar a 2002 kafin hankali ya kwanta. Mu ma muna da irin wannan ma'auni a gida. Rubuce-rubucen Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, suna nan cikin gafaka a Sakkwato, ido da ilmi kawai suke bukata. Kundin digirin da aka buga a Zariya ko Kano a 1994 kuwa, in kwafin takardarsa ya ɓata, faifansa ba ya karantuwa sai an sami na'urar da ta dace, da manhajar da aka rubuta shi da ita, da kuma abu na uku wanda ya keɓanta da Hausa.

Matsalar Baƙaƙe Masu Ƙugiya

Tun cikin shekarun 1930 rubutun boko ya zauna a kan baƙaƙen ɓ da ɗ da ƙ, a Nijar kuma har da ƴ inda mu muke rubuta 'y. Ba sai an tuna wa mai karatu cewa ƙugiyar nan ba ado ba ce: ita ke raba baki da baƙi, fada da faɗa, kura da ƙura, bari da ɓari. Amma kwamfuta ba ta san baƙi ba, lamba ta sani. Tsarin ASCII na Amurka, wanda aka fara fitarwa a 1963, gurbi 128 kawai gare shi, kowane gurbi da baƙinsa ko alamarsa, kuma babu gurbin ƙ a ciki. Da aka faɗaɗa gurabun zuwa 256, harsunan Turai ne suka cinye ƙarin.

An yi ƙoƙari. A 1983 hukumar daidaita ma'aunai ta duniya ta fitar da tsarin ISO 6438 domin harsunan Afirka, amma kusan ba wata na'urar kasuwa da ta ɗauke shi. A cikin shekarun 1980 ɗin kuma Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta ɗauki nauyin zubin baƙaƙe na bai ɗaya domin harsunan Nijeriya, bisa shawarar masana irin su Kay Williamson, shahararren mai zana baƙaƙen nan na Jamus Hermann Zapf kuma ya sa hannu a ciki. Wannan ma bai kai teburin mai buga takarda a Sabon Gari ba. Abin da ya kai shi ne dabara. Waɗansu suka riƙa sa ƙugiya da alƙalami bayan an buga, kamar yadda aka saba a zamanin tafireta. Waɗansu suka rubuta k' ko 'k. Masu yawa kuwa suka bar ƙugiyar gaba ɗaya, kamar yadda duk wanda ya karanta littattafan adabin kasuwar Kano na farko-farko ya shaida. Cikin shekarun 1990 Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro zubin baƙaƙe guda biyu, Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka ba marubuta da ɗalibai damar buga Hausa daidai. Wannan taimako ne babba, kuma shafuffuka masu ɗimbin yawa sun fita da kyau ta dalilinsa.

Sai dai duk wani zubi na wancan zamani, ko na wane ne, aron gurbi yake yi. Alal misali, a ce mai zubi ya ga Hausa ba ta bukatar q, sai ya zana ƙ a gurbinta. A allo da takarda za a ga ƙasa, amma abin da faifai ya riƙe shi ne lambar q. Ranar da aka buɗe rubutun a kwamfutar da ba ta da wannan zubi, sai a ga qasa. Wannan ma da sauƙi, domin ana iya musanyawa. Inda abin ke tsanani shi ne in an ɗora baƙin a gurbin wata alama da ita ma ake amfani da ita a cikin rubutun, ko kuwa in mai gyara, da ya ga baƙon baƙi, ya share ya sa k tsura. Daga nan ƙugiya ta tafi ke nan, sai mai ilmi ya bi kalma-kalma ya mayar. Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba kowane baƙi namu lambarsa ta dindindin, amma an daɗe ƙwarai kafin ya shiga hannun masu buga Hausa. (Ajami ya fi shan jira: fa da ƙaf da nun irin na rubutun Warshu sai a 2016 suka sami nasu gurabun.)

Ma'anar wannan ita ce, tsohuwar kwamfutar da aka buga Hausa da ita ba ƙarfe ne kawai ba. A cikinta akwai zubin baƙaƙen, da manhajar, WordStar ce ko WordPerfect ko tsohuwar Word, da kuma yadda aka tsara madannai. Ita ce mabuɗin faya-fayan da aka rubuta a kanta. Wanda ya ajiye faifai ya sayar da kwamfuta ya ajiye akwati ya yar da makulli.

Abin da Ke Kan Faya-fayan

Wani zai ce ai an buga littattafan, me za a yi da faifai? Amsa ta farko ita ce ba duka aka buga ba. Ta biyu kuma, faifai yakan riƙe abin da littafi ya ɓoye: zubin farko kafin gyara, babin da aka cire, sashe na uku da kuɗin bugawa bai samu ba. Zamanin da marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka yi tashe, da zamanin da fim ɗin Hausa ya bunƙasa bayan Turmin Danya na 1990, shi ne kuma zamanin da shagunan buga takardu suka koma kwamfuta. Labaran fim, da mujallu, da fassarar jawabai, da waƙoƙin da ɗalibai suka juya daga kaset, da bayanan ƙungiyoyi, duk sun ratsa ta waɗannan shaguna. Faifai mai inci biyar da kwata na kwamfutar IBM yana ɗaukar kilobayit 360, watau wajen kalmomi dubu sittin, littafi guda ke nan. Mai inci uku da rabi yana ɗaukar ninki huɗu na wannan. Kwali ɗaya na faifai zai iya zama aikin shekara goma na marubuci.

Lokaci kuwa ba ya jira. Faifan filofi leda ce da aka shafa wa garin maganaɗisu, zafi da ƙura da danshi duk abokan gabarsa ne. A Kano ƙurar hunturu ce ke kankare shi. A wurare masu dausayi, irin Birnin Gwari da ke gefen dajin Kamuku, danshin damina ne ke sa masa fumfuna. Kamfanin Sony, wanda ya ƙago mai inci uku da rabi, ya daina yin sa a 2011. Su kuma na'urorin, hanyarsu ɗaya ce: daga ofis zuwa sito, daga sito zuwa hannun 'yan gwangwan, daga nan zuwa Ƙofar Ruwa a auna a kilo. Ba ƙarancinsu ne matsala ba. Rahoton ƙungiyar Basel Action Network na 2005 ya ƙiyasta kwantena 500 na tsofaffin kwamfutoci da makamantansu ke sauka Legas kowane wata, mafi yawa marasa gyaruwa. Ƙasar da ake jibge mata tsofaffin na'urorin wasu ba ta cika ganin darajar tsohuwar na'ura ba, shi ya sa namu masu ɗauke da tarihi suke bin bola tare da na baƙi.

Akwai masu ganin intanet ta kashe wannan magana, a ɗora kome a can a huta. To, sai an fara karanta faifan tukuna. Bayan haka ma, mutanen Birnin Gwari sun ga abin da ya faru a ƙarshen watan Satumba na 2021, sa'ad da aka katse layukan waya a waɗansu ƙananan hukumomin Jihar Kaduna saboda 'yan bindiga, aka yi kusan wata biyu ba sadarwa. Mai tarihin da zai zo nan gaba ya rubuta labarin waɗannan shekaru na wannan masarauta zai bukaci takardun koke, da bayanan tarurruka, da rajistar makarantun da aka rufe. Da yawa daga cikin irin waɗannan takardu a kwamfuta aka buga su, kwamfutocin yau kuma su ne tsofaffin gobe.

Ga Wanda Ya Tsinci Tsohuwar Na'ura

Kada ya yi gaggawar kunnawa. Waɗanda aka yi domin Amurka wuta mai ƙarfin 110 suke sha, tamu kuwa 230 ce, jonawa ɗaya ta isa ta ƙone ta. Ya kamata mai gyara ya fara buɗewa ya duba batirin da ke kan allon ciki, domin in ya tsufa yakan tsiyaye ya cinye layukan tagulla, haka nan kafasitoci sukan kumbura ko su fashe. Wanda ya yi karatu a Ingila ya dawo da Amstrad PCW, mai faifan inci uku, ya san cewa robar da ke juya faifan takan saki, sai an canza ta.

Faifai kuma kada a sa shi sai an kulle shi daga rubutu. A nan akwai abin ruɗarwa: mai inci uku da rabi ana kulle shi ne da buɗe ƙaramar tagar da ke kusurwarsa, mai inci biyar da kwata kuwa da rufe tsagar gefensa. In an ga fumfuna a jikinsa a dakata, domin zai ɓata kan na'urar, ita kuma ta ɓata faifan da ya biyo baya. Abin da za a fara yi shi ne juye hoton faifan gaba ɗaya, ba tsintar rubutu ɗaya-ɗaya ba, sa'an nan a ci gaba da aiki a kan kwafi. Ƙananan na'urorin filofi da ake jonawa ta USB suna karanta faifan IBM mai inci uku da rabi, amma ba sa karanta tsofaffin na Macintosh masu kilobayit 400 ko 800. Manhajar LibreOffice, wadda kyauta ce, tana buɗe rubutun WordPerfect.

Aikin da ya rage na masanin harshe ne, ba na makaniki ba: a kwafe kowane zubin baƙaƙe da aka tarar a cikin na'urar, a rubuta jadawalin da ke nuna gurbin da kowane baƙi mai ƙugiya ya ara, a yi musanya zuwa Unicode bisa wannan jadawali, a kuma bar asalin yadda yake. Gidan Arewa da ke Kaduna da sassan Hausa na jami'o'inmu sun daɗe suna karɓar takardu da kaset. Ƙara tebur ɗaya mai tsofaffin kwamfutoci biyu ko uku masu aiki ba zai fi ƙarfinsu ba. A ganina ɗalibin digiri na biyu da ya bi shagunan buga takardu na Kano da Zariya da Kaduna, ya tattara zube-zuben baƙaƙen da aka yi aiki da su tare da jadawalinsu, ya sami kundi wanda ba a rasa masu bukatarsa. Sai dai ya nemi izinin marubuci ko magadansa kafin ya buɗe faifai, domin a kan faifai ɗaya akan sami labari da wasiƙar gida da lissafin bashi.