Gwajin Faɗin Gani: Yadda Ake Samun Sakamako Abin Dogaro

Faɗin gani shi ne iyakar abin da ido ke hange ta gefe alhali ya kafe a wuri guda, kuma da gwajinsa likitoci ke bibiyar gulukoma, wato hawan jinin ido, cutar da ke cinye ganin gefe sannu a hankali. A na'urar Humphrey majiyyaci kan zuba ido ga tsakiya, ya danna maɓalli duk lokacin da ya hangi ɗigon haske, inda tsarin 24-2 ke auna wurare 54 a kowane ido. Na'urar kan riƙa haska makahon gurbi, wato mafitar jijiyar gani inda ido ba ya gani, domin gane ko idon ya kauce. Haka kuma tana lissafa dannawar da aka yi babu haske, wadda in ta wuce kashi 15 cikin ɗari sakamakon kan zama abin shakka. Gajiya, saukowar fatar ido da gilashin da bai dace ba duk sukan haifar da naƙasu na ƙarya, shi ya sa likita kan maimaita gwajin farko, tun da sabo kan gyara sakamako.